Ta Ɗaga Hannu Tare da Su

Zuwa ga ƙanwata Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ya baƙunta, ya sabon aiki? Ina fata ɗakin da makarantar ta ba ki ba ya yoyo, kuma tarin nan da kika tafi da shi ya sake ki. Mu nan lafiya ƙalau. Umma tana gaishe ki, gwiwarta ta yi sauƙi har tana zaga tsakar gida ba sanda. Baban yara ya ce in faɗa miki tun da kika tafi ba mai yi masa musu a gidan nan, abin har ya fara damunsa.

Na karanta wasiƙarki na sake karantawa. Kin ce wani yaro ya kwafi aikin abokinsa, da kika ce masa bai kyauta ba sai ya ce ai a wurinki ne bai kyauta ba, su a wurinsu taimako ne. Kika koma ɗaki kina tambayar kanki wa ya naɗa ki alƙali. Kwantar da hankalinki, ba ke kaɗai ba ce. Duk wanda ya riƙe alli sai ya gamu da wannan ruɗani: shin mai kyau da marar kyau suna nan zaune ne ko mun yarda ko ba mu yarda ba, kamar tsawon bango, ko kuwa kamar son launi ne, kowa da nasa? Na lura yawancinmu idan aka taka mu sai mu rantse da na farko, idan mu muka yi takun sai mu koma na biyu.

Kin san inda na fi karkata, amma ban taɓa gaya miki dalili ba. Ba a haife ki ba lokacin da malaminmu na aji ɗaya yake ɗaure min hannun hagu a jikin benci don in koyi rubutu da dama. Mutumin ba mugu ba ne, har alewa yake raba mana. Ya tabbata ne kawai cewa abin da yake yi daidai ne. Tun daga nan nake tsoron mutumin da ya cika tabbata, na kuma yi wa kaina alkawarin ba zan zama irinsa ba.

Shi ya sa na kafa majalisa a ajina, aji uku na ƙaramar sakandare. Duk ranar Alhamis, a darasin ƙarshe, mukan ja bencina mu yi da'ira, a kawo abin da ya dami aji, a tattauna, a ɗaga hannu. Dokokin na rubuta su a kwali na manna a bayan ƙofa. Kowa ƙuri'arsa ɗaya, har da ni. Wanda ya ƙi bin masu rinjaye zai miƙe ya faɗi dalilinsa, don kada a danne muryar 'yan tsiraru. Wannan dokar ita na fi alfahari da ita. Sannan abin da aka yanke ba a sake tayar da shi sai wani zangon karatu. Da majalisar nan muka raba shara ba faɗa, muka zaɓi fentin bango, muka kashe rigimar zama ƙarƙashin fanka. Malamin lissafi, wanda teburinsa ke kusa da nawa a ɗakin malamai, kullum sai ya tsokane ni. Wai, "Ranki ya daɗe shugabar majalisa, yaushe za a kaɗa ƙuri'a a kan bakwai sau takwas? Yarana sun fi son hamsin, ta fi sauƙin riƙewa." Ni kuwa in ce ya fara jingine bulalarsa tukuna, sannan mu yi magana.

To, Alhamis ɗin da ta wuce wani abu ya faru, shi nake son ba ki labari.

Akwai wata yarinya da ke zama kusa da taga, 'yar wani mai walda. Rubutunta ya fi na kowa tsabta, kuma insha'inta ne nake ajiyewa a ƙasa in karanta a ƙarshe don in wanke idona. Sai dai tana da in'ina. Harafin farko ne ke riƙe ta, ta yi ta bugunsa kafin kalmar ta fito. Yaran sun sa mata suna Janareto. Idan ta miƙe karatu, sai wani daga baya ya yi kamar yana jan igiya, sauran su kama tu-tu-tu ƙasa-ƙasa, in kalmar ta fito su ce an kawo wuta. Ita kuma sai ta rufe baki da bayan hannu ta yi dariya tare da su.

Da tsawa ɗaya zan iya tsayar da abin, na sani. Amma na ce a raina gara su gane da kansu, ya fi zama a zuciya. Sai na kai maganar majalisa, ina da yaƙinin yadda za ta ƙare.

Na manta da Lauya. Yaro ne siriri mai kaifin ƙwaƙwalwa, kuma ba zan ɓoye miki ba, ɗan gaban goshina ne. Ya miƙe ya gyara kwala, ya ce ai ni na koya musu cewa abin da wani ya ɗauka laifi wani bai ɗauke shi komai ba. Ya tuna min da labarin hannuna na hagu, wanda ni na ba su da bakina. Ya ce a ajin nan ba wanda ba shi da suna: ga Tanki, ga Agogo, ga shi kansa Lauya, ba wanda ya mutu. Ya ce wasa yana zama cin mutunci ne idan wanda ake yi wa ya ji haushi, ita kuwa kowa shaida ne dariya take yi. In ita ba ta ga laifi ba, mu ba mu gani ba, to ina laifin yake zaune? Aji ya ɗauki tafi. Wallahi Auta, har da ni na ji wani daɗi a raina, don hujjar ta tsaru, kuma ni na rene ta.

Aka ce masu cewa wasa ne su ɗaga hannu. Hannuwa suka tashi ko'ina. Na dubi taga, sai na ga nata hannun yana tashi a hankali, har ya miƙe tare da nasu.

Ni kaɗai na rage, sai Agogo da ke gyangyaɗi, wanda ya farka ya ɗaga hannu bai san a kan me ba. Na miƙe bisa doka na faɗi dalilina. Na ce ni dai abin bai kwanta min ba. Ji fa, shekaruna nawa ina koyarwa, abin da na iya faɗa ke nan. Aka rinjaye ni, na karɓa, na ce majalisa ta yanke.

Ina gaya wa kaina na yi daidai. Mai abin ta ce ba komai, ni wace ce da zan ji mata ciwon da ba ta ji ba? Amma tun ranar hannun nan nata yake ta dawo min a rai.

Ki kula da kanki, ki riƙa rufe taga in iska ta taso. Yara suna gaida Antinsu.

Taki har kullum,
Yayarki


Auta ƙanwata,

Sallama da gaisuwa. Ina fata kina cikin ƙoshin lafiya, ya ɗalibai, ya haƙuri da su? Na ji daɗi da kika ce kin zaunar da yaran nan biyu, mai kwafi da wanda aka kwafa, kin ba kowa tambayarsa daban. Kin fi ni dabara. Umma ta ce takalmin da kika aiko ya yi mata, sai dai ta ɓoye shi a akwati wai kada ya tsufa.

Kin tambaye ni labarin 'yar mai walda. Da ma ina neman wanda zan sauke wa.

Ban yi tunanin abin da ƙuri'a za ta canja ba. A da, sai na juya ina rubutu a allo suke yi, kuma ƙasa-ƙasa. Bayan majalisa sai suka daina jira in juya. Abin ya fita daga aji ya bi ta zuwa famfo, 'yan aji ɗaya da ba su san ko sunanta ba suna ja mata igiya. Rannan a bakin ƙofar makaranta na ji matar da ke sayar wa yara abinci tana kiranta, "Janareto, zo ki karɓi canjinki, 'yata." Baiwar Allah ba da mugunta ta faɗa ba, ta ɗauka sunanta ke nan.

Yarinyar ta ci gaba da dariya, amma ta daina miƙewa karatu. In layi ya zo kanta sai ta girgiza kai, ta nuna maƙogwaro wai mura. Murar da ba ta warkewa. Insha'inta da ke cika shafi biyu ya koma 'yan layuka, tsaf-tsaf, ba kuskure, ba kuma komai a ciki.

Na kawo maganar majalisa karo na biyu. Lauya ya ɗaga hannu cikin ladabi, ya nuna kwalin bayan ƙofa: abin da aka yanke sai wani zango. Rubutuna ne, da hannuna na hagu. Na tsaya ina kallon kwalin kamar yau na fara ganinsa. Sai na ji bakina yana cewa daga yau na hana, duk wanda ya sake jan igiya ko ya kira sunan nan zai gamu da ni a ofishin shugaban makaranta, kuma ba ƙuri'a a kan wannan.

Lauya bai ɗaga murya ba. Ya ce kawai, ashe ƙuri'a tana aiki ne in ta zo daidai da ra'ayin Malama. Maganar ta soke ni, kuma na ga yadda idonsa ya cika. Yaron nan ya yarda da majalisar fiye da ni.

Na ba malamin lissafi labari, ina jiran ya yi min dariya. Bai yi ba. Ya buɗe aljihun tebur ya ce ga bulala in ina so, aro ba haya. Na ce ya riƙe abarsa. Ya ce to shi dai a saninsa, amsa in ba daidai ba ce, ko duk aji sun rubuta ta jan biro za ta sha. Na ce masa mutane ba lissafi ba ne. Ya ce haka ne, shi ya sa ya zaɓi lissafi.

Jan igiya ya tsaya, amma abin da ya biyo baya ya fi shi muni. Yaran sun yanke a tsakaninsu cewa ita ta kai ƙara a ɓoye, ta rusa musu majalisa bayan ta ɗaga hannu a gabansu. Yanzu ba mai yi mata magana. Wadda suke zama benci ɗaya ta kwashe littattafanta ta koma baya. Lokacin hutun tara, sai in hango ta ta taga ita kaɗai tana fere fensir da ba ya bukatar fira. A da ko ba komai suna dariya tana dariya. Na ƙwace mata wannan, ban ba ta komai a madadinsa ba.

Tun farkon makon nan ba ta zo ba. Ga rajistar jarrabawar shiga babbar sakandare ta matso, wanda bai zo an ɗauki hotonsa ya sa hannu ba, shekarar ta wuce shi. Yarinyar nan ko da ido rufe za ta ci jarrabawar. Na aika a tambaya, aka ce lafiyarta ƙalau. In Allah ya kai mu Asabar zan je gidan da kaina.

Ki sa ni a addu'a. Baban yara yana gaishe ki, ya ce na rame, wai ko majalisa ce ta tsige ni.

Yayarki mai ƙaunarki


Zuwa ga Auta,

Assalamu alaikum. Da fatan kin tashi lafiya, ya aiki, ya kewar gida? Mu nan sai godiya. Ƙaramin ɗana ya cire haƙori, yana ta nuna wa kowa gurbin, ya ce a ajiye miki labari.

Na je.

Shagon yana gaban gidansu, rumfar kwano ce a bakin titi, ƙyamaren ƙarfe da tagogi a jingine ko'ina, ƙasa duk guntayen rodi, ga ƙaurin ƙarfe mai kama maƙogwaro. Uban yana tsugune tartsatsi na tashi. Da ya gan ni ya ture baƙin tabarau zuwa goshi, ya goge min benci da hularsa, ya aika a sayo min lemo duk da na ce na ƙoshi. Mutum ne mai fara'a, irin masu dariya kafin su gama magana.

Ya ce ai da ma yana shirin zuwa ya yi min godiya. Yarinya ta ce masa kanta ya daina ɗaukar karatu, ta gaji. Ƙanwar matarsa tana da shagon ɗinki a wani gari, ta daɗe tana roƙon a ba ta ita. Ya ce shi bai so ba, don duk layin nan ba wanda bai gaya wa 'yarsa za ta zama likita ba, har maƙwabta suna kiransa Baban Likita. Amma ba ya son ya tilasta mata, yarinya ce mai zurfin ciki, ba ta taɓa roƙonsa komai ba sai wannan.

Ya ƙwala mata kira ta fito ta durƙusa ta gaishe ni. Muna cikin haka aka ɗauke wuta. Ya tashi ya nufi janaretonsa a gefen rumfa, ya taka shi da ƙafa ya ja igiya. Bai tashi ba. Ya sake ja, injin ya yi ta tari. Yana ja yana ba ni labari yana dariya, wai a da ita ce mai tayar masa, har kokawa take da yayyenta a kan igiyar, amma kwanan nan da ta ji ƙararsa sai ta shige ɗaki. Ya ce girma ne ya zo, 'yan mata ba sa son baƙin mai.

Auta, bai sani ba. Bai taɓa jin sunan ba. Na dubi yarinyar, ta dube ni, idonta yana roƙona. Na haɗiye abin da ke bakina, na sha lemo.

Ita ta raka ni inda ake hawa mota. Muka bi gefen kwata muna kauce wa masu babur. Da muka isa sai na tambaye ta abin da ya kamata in tambaya tun ranar farko, ni da ita kawai: me ya sa ta ɗaga hannu?

Ta fara, harafin ya riƙe ta. Na buɗe baki zan ƙarasa mata, kamar yadda na saba yi a aji ina ganin taimako ne, sai na kama kaina na yi shiru. Mota ta zo ta cika ta tafi. Na jira. A tsawon shekarar nan ban taɓa jin ta kai ƙarshen magana da kanta ba sai ranar.

Ta ce da ta ƙi ɗagawa, da doka ta sa ta miƙe ta faɗi dalilinta. A tsakiyar da'ira, kowa na kallon bakinta, a kan maganar bakin nata. Ta ce tun Lauya yana magana take lissafin kalmomin da za ta bukata, ta ga ba za ta kai ko rabi ba za a ja igiya. Ɗaga hannu kuwa ba ya bukatar baki.

Dokar da na fi alfahari da ita ke nan. Na yi ta don a ji muryar marar ƙarfi, ban tsaya na tuna cewa a ajin akwai wadda murya ce ciwonta ba.

Na tambaye ta dariyar fa. Ta ce in ta yi dariya abin yakan ƙare da wuri.

Sannan ta faɗi wadda ta fi zauna min. Ta ce kafin majalisa, in sun yi mata, takan koma gida da sanin cewa su ne ba su kyauta ba, wannan sanin yana riƙe ta. Ranar da kowa ya ɗaga hannu, ni ma na ce an yanke, sai ta fara tunanin ko da gaske ba komai ba ne, ita ce dai mai matsala da take jin zafi. Ta ce jan igiyar tana iya ɗauka. Wannan tunanin ne ya hana ta barci.

Na ba ta haƙuri a bakin titi, mutane na wucewa. Na ce abin da aka yi mata ba daidai ba ne, tun ranar farko ba daidai ba ne, ko da duniya ce ta ɗaga hannu. Ban san lokacin da na zama mai irin wannan tabbaci ba, amma ban ji ɗigon shakka ba da nake faɗa. Ta ce ta gode. Na ce ta dawo, zan canja mata aji, ba zan sake sa ta karatu a fili ba, ko in nema mata wata makaranta. Ta ce sunan ya riga ta zuwa ko'ina, har a layinsu ta fara jin sa. Ta roƙe ni kada in gaya wa babanta, wai zai ji kunya a gaban maƙwabta.

Ban yi mata alkawari ba. Har yanzu ina juya abin. In na faɗa, na saɓa wa roƙon yarinyar da na riga na cuta. In na yi shiru, uba zai yanke wa 'yarsa hanya a kan abin da ba gaskiya ba. Wannan kam ba inda zan kai shi a ɗaga min hannu.

Ki rubuto min da wuri, ko layi biyu ne.

Taki,
Yaya


Auta tawa,

Gaisuwa da fatan alheri. Ya jiki, ya ɗalibai? Wasiƙarki ta iso, na gode da kalamanki, sun sanyaya min rai ko da ban cancance su duka ba. Kowa lafiya. Umma tana tambaya ko za ki zo hutu.

Na bi shawararki. Na koma na fara samun yarinyar, na gaya mata zan faɗa wa babanta, don kada ta ji daga baya. Ta yi kuka. Sannan na same shi a rumfa na ba shi labari tun daga farko, har sunan, har igiyar, har ƙuri'ar.

Mutumin nan mai dariya ya zauna a kan wani guntun ƙarfe. Bai zage ni ba, da ma ya zaga. Tambaya ɗaya ya yi min: lokacin da suke ɗaga hannun, ina wurin? Na ce ina wurin. Ya ce, "To, Malama."

Ya ce ba zai mayar da ita ɗakin da aka taru aka yarda a yi mata haka ba, kuma ba zai tura ta wata makaranta tana wannan hali ba. Ta je wurin ƙanwar uwarta ta huta, in ta nemi karatu baɗi, ko rumfar zai sayar ya kai ta. Ta tafi. An rufe rajista ba sunanta. Ina riƙe da kalmar baɗin nan, amma na daɗe a aikin nan, na san yaran da ke dawowa bayan sun fita ba su da yawa.

Lauya ya same ni bayan an tashi, ya tsaya a bakin ƙofa yana murza hular makaranta. Ya ce yana ta bin hujjarsa yana neman inda ta karye, bai samu ba, amma kuma ba ya iya kallon bencin taga. Na ce ni ma ban gama samun inda ta karye ba. Na dai tambaye shi, in da gaske wasa ne, me ya sa a da suke jira sai na juya baya? Can ya ce ko a ranar majalisar, yana magana yana kauce wa kallon wajenta. Ashe duk mun sani, Auta. Tun kafin a ja bencina mun sani, muka zauna muka yi wa sanin namu bayani har ya kwanta.

Ban rushe majalisa ba. Har gobe ita za ta zaɓi fenti ta raba shara, don waɗannan abubuwa ne da amsarsu ita ce abin da muka yarda a kai. Har yanzu kuma ina tsoron mai yawan tabbaci, akwai tambayoyi da yawa da zan ce miki ban sani ba. Amma na daina cewa kome da kome ra'ayi ne. Ciwon yarinyar nan yana nan tun kafin a tambayi kowa, hannuwanmu ba su ƙara shi ba, ba su kuma rage shi ba. Abin da suka yi kawai shi ne suka bar ta ita kaɗai da shi.

Kada ki ɗauki maganata don ni na faɗa, ki gwada da kanki. A ajinki akwai yaron da ake tsokana, wanda yake riga kowa dariya. Kowane aji yana da shi, kina karanta wannan ma na san fuskarsa ta zo miki. Kada ki tambaye shi a gaban kowa. Ki nemi dalilin da zai taya ki ɗaukar littattafai zuwa ɗakin malamai, a hanya ki tambaye shi yadda abin yake a wurinsa. Zai ce ba komai. Kada ki karɓa da sauri, kada kuma ki ƙarasa masa magana. Ki rage tafiya, ki jira. Ki yi shi a makon nan, tun yana zuwa makaranta.

Ki gaida abokan aikinki. Allah ya sada mu da alheri.

Yayarki